Alayyahu Mai Taɓo a Saiwa

Bayan gidanmu na Gwallameji akwai wani kwari da ruwa bai taɓa barinsa gaba ɗaya ba. Baba ya sayi wurin tun unguwar tana gonaki, ya gina gida a tudun, ya bar wa Inna kwarin. Ita kuwa ta mayar da shi lambu: alayyahu, latas, rake, da 'yar ayaba a gefe. Bayan rasuwar Baba can take wuni. In ka je gaishe ta, a can za ka same ta, zani a tattare, ƙafa cikin taɓo.

Da aka raba gado, kwarin ya faɗa a kason Yaya, babban wanmu. Yaya ya ga ɗalibai sun cika unguwar Yelwa har sun malalo wajenmu suna neman ɗakin haya, sai ya ce zai cike kwarin ya jera ɗakuna. Da ladabi ya gaya wa Inna, yana durƙushe. Ta ce, "To, Allah ya sa albarka."

Inna Bafulatana ce, Yaya kuma ɗanta na fari. Ko sunansa ba ta kamawa, balle ta yi musu da shi. Ni kuwa ƙanwa ce, ba a neman shawarata. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, don na san ranar da aka binne lambun nan, Inna za ta shiga ɗaki ta zauna ta tsufa.

A shekarar ne ruwa ya shiga gidajen gangare, ƙaramar hukuma ta ce za ta tantance fadamu, ko a filin wa suke, ta hana gini a cikinsu. Sai aka maƙale a kan tambaya ɗaya: mece ce fadama? A rediyo na bi muhawarar, ina tsince shinkafa. Wani kansila ya ce duk inda ruwa ke kwanciya fadama ce. Wani ya ce in haka ne, a watan Agusta harabar ofishinsu ma fadama ce, sai a fara da ita. Wani ya ce filin mutum filinsa ne, ko kada ke kwana a ciki. An yi ta zama ana tashi. Daga ƙarshe suka daidaita cewa fadama ita ce inda ƙasa ke riƙe ruwa har tsakiyar rani, kuma kwamiti zai zaga ya gani da idonsa.

Ashe Yaya ma yana sauraron rediyo. Kafin kwamiti ya iso unguwarmu, ya sa tifa ta yi ta zube jar ƙasa a bakin kwarin, aka baje, aka daddaɓe. Sauran lambun da bai kai ga cikewa ba, ya kewaye shi da tsohon kwano, ya jingina bulo a jiki, kai ka ce wurin ajiyar kayan gini ne. Sannan ya roƙi Inna ranar da baƙin za su zo ta huta a ɗaki, saboda zafi. Ta ce, "To."

Ranar na hau keke daga gidana na unguwar Ɗan Iya na zo, wai don in haɗa musu zoɓo. Rana tana dukan ƙeya. 'Yan kwamitin suka taka jar ƙasar daga wannan gefe zuwa wancan. Ɗayansu ya caka wani ƙarfe, ya zaro shi a bushe. Shugabansu, wani dattijo mai farin takalmi, ya ce wurin nan ko kwaɗo ne ya zo sai ya roƙi ruwan sha. Yaya ya yi dariya fiye da yadda maganar ta kai.

Suna sallama a bakin mota sai ga Inna ta ɓullo daga bayan kwanon, da damin alayyahu da latas a hannu ɗaya, sandunan rake a ɗayan. Ruwa na ɗiga.

"Sannunku da rana, 'ya'yana," ta ce. "Ba kwa tafi hannu rabbana ba."

Dattijon ya karɓa da hannu biyu. "Mama, har da wahalar zuwa kasuwa?"

"Wace kasuwa? Nan bayan kwanon ne. Yanzu na tuge."

Ya dubi saiwar, baƙin taɓo ya riga ya ɗiga a kan farin takalminsa. Ya dubi Yaya. Yaya ya dubi wayarsa. Dattijon ya ce ko za a ba su izini su ɗan leƙa. Mai ƙarfen nan ne ya fara shiga, kuma bai sha wahalar caka komai ba, don ƙafarsa ce ta nutse har idon sawu. Da hannu ya zaro takalminsa.

An sa kwarin cikin fadamu. Yaya ya yi kwanaki yana cin abinci fuska a murtuke, amma bai sami wanda zai yi wa faɗa ba. Tun muna yara ba baƙon da ya taɓa fita gidanmu bai tafi da ganye ba, shi ma ya sani, mantawa ya yi. Ya ce da ni, "Tsufa ne. Ba ta san abin da ta yi ba." Na ce haka ne, Yaya.

Sai dai Inna ba ta ba baƙo ganye da saiwa. Yankewa take yi, ta wanke, ta sake wankewa, ta naɗe a ganyen ayaba. Ina yarinya ta taɓa murɗe min kunne don na miƙa wa maƙwabciya latas da ƙasa a jiki.

Da la'asar ɗin ranar da kwamitin ya zo na same ta a lambu tana ba latas ruwa. Na tsaya a bakin kwanon na ce, "Inna, yau ba ki wanke ganyen baƙi ba."

Ba ta ɗago kai ba.

"Sauri suke yi," ta ce. "Miƙo min gugan nan."