Sallar da Na Yi a Gaban Gwaggo a Mallawa

Mun tashi da asuba daga Waca, saura kwana huɗu Babbar Sallah, ni da maigida da ƙanwarsa, da jaki guda ɗauke da gero da daddawa. Tun da na dawo kuke tambayata abin da ya zaunar da ni har maigida ya rigaye ni isowa, to ga yadda aka yi.

Shekara bakwai rabona da Mallawa. Can Gwaggo take, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar innata, ita ce kuma ta fara ɗora mini allura da zare a hannu. Kun san ni da saƙa, ko tuwo nake tuƙawa rabin hankalina na kan hular da na ajiye. Akwai wani ado da Gwaggo ke zagaye bakin hula da shi, ana ce masa sawun kurciya, ban san kowa da ya iya shi ba sai ita, ni kuwa na yi aure ban koya ba. Da wani mai tallan kanwa ya gaya mana idonta ya tafi, zama ya gagare ni.

Shi ma maigida ba a natse yake ba. Bazara ta kai ƙarshe, kullum da yamma gabas sai ta haɗa hadari ta watse. Taku goma, sai ya ɗaga kai ya dubi sama.

Hanyar kudu rairayi ne zalla, ƙafa na nutsewa, jaki na tafiya kamar an roƙe shi. Na ce bari in rage hanya da saƙa, ina tafe ina yi. Ba mu yi nisa ba dunƙulen zaren ya suɓuce ya gangara cikin ƙarangiya. Duk hutun da muka yi a gindin wata tsamiya a tsintar ƙaya na ƙare shi, ƙanwar maigida na dariya har da riƙe ciki. Da rana ta karya muka gangara wani kwari mai giginya da dabino, iska ta yi sanyi, mutanen wurin suka ba mu rake kyauta don mun gaishe su da kyau.

Washegari da hantsi muka shiga Dungas, muka tarar kasuwa na ci. Raguna sun yi tsadar da masu saye ke shafa bayansu su wuce kamar masu gaisuwa. Furar garin kuwa ta sha yaji, nonon ba a tsinka shi da ruwa ba. Na ba wata mata daddawa ta ba ni zare shuɗi da ya sha rinin baba sosai. A nan aka ce mana hanyar gabas ba lafiya, ana tare mutane, kada mu bi mu uku. Dole muka kwana jiran ayarin wasu fatake. Na yi ta zirga-zirga daga inuwa zuwa bakin hanya har maigida ya ce in zauna, kallona na sa shi jiri.

Ranar jajibere da la'asar muka isa Mallawa. Na tarar da Gwaggo a ƙofar ɗakinta kan tabarma, ta ƙanƙance, idanun sun yi fari. Na durƙusa na ce, “Gwaggo, sannu da hutawa.”

Ta miƙo hannu ta kama nawa ta shafa kan yatsuna. Ta ce, “Wannan kantar ta allura ce. Ɗiyata ce ta Waca.”

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Sallah ta yi daɗi. Gidan ya cika da ’ya’yanta da jikoki, aka yanka raguna biyu, muka wuni suya da rabon nama maƙwabta. Kowa na son ya ji labarin Waca, wa ya haihu, wa ya rasu. Ni dai ina amsawa ne, idona na kan ƙofar Gwaggo.

Washegarin Sallah ta ce in kawo abin da nake saƙawa. Na miƙa mata hular ina jiran yabo. Ta bi ta da yatsa layi layi, ta ce, “Wa ke korarki? Nan kin ɗame, nan kin saki.” Sai ta kama bakin zaren ta ja. Aikin kwana ashirin ya warware a cinyarta ina kallo.

Ko layin farko na sawun kurciya ba mu gama ba hadari ya taso, wannan karon bai watse ba. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, har ya kwanta a tsakar gida. Yana ɗaukewa maigida ya aiko a kira ni zaure, ya ce in ɗaure kaya, gobe da sassafe za mu juya, shuka ba ta jira.

Na koma na gaya wa Gwaggo. Ta ce, “Gaskiyarsa. Gona ba ta jira. Ni ma dai ban ce zan jira ba.”

Na sake fita zaure na durƙusa. Na ce, “Malam, ka yi mini haƙuri da kwana biyar.”

 Ya ce, “Kin san gandu za a fara. Gayaunarki ba mai hannun shuka ta, laimar nan kuwa za ta wuce.”

Na ce na sani. Wannan ’yar gonar ita ce suturata da cefanena na shekara, amma na ce na sani. Ya ce to, Allah ya sa alheri. Da safe suka tafi shi da ƙanwarsa da jakin.

Kwana biyar ɗin nan ban ji daɗinsu yadda kuke zato ba. In na zauna gaban Gwaggo zuciyata na gona, in na tuna gona sai in kuskure ƙulli. Ba ta iya nuna mini da ido, sai ta ɗora hannunta a kan nawa, yatsunta na tura nawa inda allura za ta bi. In na yi sauri ta matse ni. Sau nawa muka warware, ban iya faɗa ba. Tana yi tana ba ni labarin innata, abubuwan da ban taɓa ji ba, har da yadda take waƙa in tana kaɗi.

Rana ta biyar ta karɓi hular ta zagaye bakinta da yatsa sau biyu. Ta ce, “Kurciyar taki gurguwa ce. Amma kurciya ce.”

Da na zo sallama ba ta ce sai wata rana ba. Cewa ta yi in yafe mata duk abin da ta yi mini tun ina ƙarama. Na ce ita za ta yafe mini. Muka yafi juna.

Na biyo wasu mata masu kai man gyaɗa Dungas, daga nan na samu ’yan garinmu. Hanyar ta sauya kama, rairayin ya kwanta, ko’ina gero ya tsiro kamar gashin jariri. Na iso Waca na tarar gandu ya yi kore shar, gayaunata kuwa tana nan fayau, ƙasar ta bushe. Yanzu ruwa na biyu nake jira in zuba wake, in Allah ya kawo shi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne tsoho ba rumbu ba ne, da za ka liƙe bakinsa ka ce sai ka bukata ka buɗe. Na gaya wa maigida ina son komawa Mallawa in kaka ta yi. Bai ce e ba, bai ce a’a ba. Ya ce in bari mu ga abin da damina za ta yi.