Ɗakin Jegon Taurari

Idan aka gama yankan riɗi a gonakin Gadarif, kakata Habboba Ladi takan hura wuta da karan dawa bayan magariba, mu kewaye ta. Da ƙafa ta zo ƙasar nan daga yamma, ta san sama kamar tsakar gidanta.

Sai ta nuna farar hanyar nan ta taurari, ta ce, "Kun ga baƙin tabon can a tsakiya? Ba rami ba ne, 'yan nema, ɗakin mai jego ne." Wai wata mata ce ta tara ƙura da hayaƙi ta yi labule, ta shige tana haihuwar taurari. Manyan taurari suka yi ta yi mata gorin ba ta da haske. Ko kallonsu ba ta yi ba. Wutar jegonta na ci a ciki, tana ratsa labulen, idonsu ne bai kai ba.

Na tsufa ina ba yaran unguwa wannan tatsuniya. Zamanin da sukari sai da kati, wani ɗan lajna, wato kwamitin unguwa mai rabon katin, Usmanu, wanda ni na yanke masa cibiya, ya tsaya a ƙofata.

"Ya Hajja, wannan camfi ne. Ki daina, ko katin sukarinki ya tsaya."

Na ce, "Da camfin aka yaye ka, mai kunnen tulu. Riƙe katinka!"

Damina guda ina shan shayi da ɗacinsa, yara kuwa ba su fasa zuwa ba.

Shekaru suka ja, jikata Nafisa ta zo hutu daga jami'a a Hartum. Ta ce, "Habboba, tabon nan gajimaren iska da ƙura ne, cikinsa taurari ke samuwa. Wasu ƙwayoyin zarra masu tsananin gudu na dukansa, sai ya fid da hasken da ake kira gamma. Ido ba ya ganinsa, sai na'urar da aka harba sama."

Na ce, "Sai yanzu 'yan boko suka iso?"

Ban san alif ba, amma a ranar na gane abin da Habboba Ladi ke nufi. Mu ma jikokin baƙin yamma an sha ce mana ba mu da haske, mu da muka cika rumbunan garin nan. Katina ya dawo tuni. Ni ce ban koma wa sukari ba.