Kwalaben Ɗan Tayin Alade

Shekarar da aka yanko mana Zamfara daga Sakkwato aka tura ni koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Ƙaura Namoda. A ɗakin gwaje-gwajen makarantar na tarar da kabad mai karyayyen ƙyaure, a cikinsa akwai kwalabe jere, kowace da ɗan tayin alade yana iyo cikin ruwan magani. Tun zamanin tsohuwar jiha suke nan, ba mai taɓa su. Na goge su, na jera su daga ƙarami zuwa babba, suka zama darasin da na fi so.

Ƙaramin bai fi ƙwayar gujiya ba. Nakan ba yara madubin ƙara girma in ce su faɗa mini namiji ne ko mace. Su yi ta gardama, ba mai iya faɗa, domin a wannan lokaci halittar biyun iri ɗaya ce, ɗan tsiro ne kawai tsakanin ƙafafun baya. A kwalba ta gaba sai ka ga na namiji ya fara matsowa wajen cibiya, na mace ya tsaya ƙarƙashin wutsiya. A babban kuwa 'ya'yan maraina sun kama hanyar sauka daga ciki zuwa jakarsu. Dukkansu da jerin nonuwa a ciki, mazan da matan. Har yaran da ke barci a aji sukan farka ranar.

Da Shari'a ta zo na yi murna kamar kowa. Ni ɗan malami ne, a zauren mahaifina a Zurmi na sauke Alƙur'ani kafin in san boko. Amma akwai mataimakin shugaban makarantarmu, wanda muka saɓa da shi saboda na ƙi ƙara wa ɗan ƙanensa maki. Shi ya bi iyayen yara gida-gida yana cewa ina shigo da alade aji, ina nuna wa 'ya'yan Musulmi al'aurarsa.

Aka kira taro a ofishin shugaban makaranta. Na shigo da kwalaben cikin kwali na ajiye a tebur, sai dattawa suka ja kujeru baya kamar na kawo kububuwa. Wani mai sayar da hatsi daga Kasuwar Daji, wanda ɗansa ke ajina, ya nuna su da sanda ya ce, "Malam, mi ad dalilin wagga ƙazanta? Mun ba ka ɗiyanmu ka koya musu karatu, ba ka lalata su ba."

Na ce, "Alhaji, darasin yana cikin manhaja, kuma za a tambaye su a jarrabawa. Ba wanda na ba ya ci, ba wanda ya taɓa da hannu. A rufe kwalaben suke tun kafin in zo."

Mataimakin ya yi murmushi ya ce, "Kun ji ko? Har kare alade yake yi."

Wallahi har yau idan na tuna murmushin nan sai ƙirjina ya yi zafi. Mutumin da ya fi kowa daɗewa a makarantar, wanda makullin ɗakin gwaje-gwajen ke aljihunsa kafin zuwana, ranar ya gano akwai alade a ciki! Shugaban makaranta kuwa, da ya sha tsayawa bakin taga yana yaba darasin, ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Ba wanda ya ce a tambayi malami ko alƙali. Aka haƙa rami bayan ɗakin girki aka zuba 'yan tayin, aka farfasa kwalaben da bayan fartanya, yara na leƙe ta taga.

Ranar Juma'a na hau mota zuwa Zurmi na kwashe labarin na faɗa wa mahaifina. Ya cire tabarau ya ce, "Ci anka hana, ba a hana ka san yadda Allah Ya halicce shi ba. Wa ya halicci aladen, in ba Shi ba?" Ya so ya je Ƙaura da kansa, na hana shi. Ban so tsohon ya zauna gaban mutanen da suka riga suka yanke hukunci ba.

Kafin damina ta faɗi aka mayar da ni wata makarantar ƙauye bayan Shinkafi, inda ko ɗakin gwaji babu. Ranar kasuwa sai na riƙa zuwa mahauta. A can na ga yadda ake yanka awaki da tumaki masu ciki, a jefar da ɗan tayin gefen kwata karnuka su ja. Nakan roƙi mahauta su ajiye mini, in zuba cikin kwalaben da na samu a ɗakin shan magani. Da su na ci gaba da darasin, ko da yake ban taɓa haɗa jeri mai kyau kamar wancan ba. Dabbobin nan masu ciki kuwa kowace kasuwa ake yanka su a gaban kowa, kuma ban taɓa jin an kira taro a kansu ba.