Maƙerin da Ke Ƙera Baya

A gidanmu na kan dutse, can gaba da Rikoto, ba a jin tatsuniya kyauta. Sai an taka bayan Kaka.

Ni ce mai takawa. An ce da ƙafa na fito duniya, ba da kai ba, kuma mutanenmu sun yarda cewa wanda ya zo da ƙafa akwai magani a tafin ƙafarsa. Da an gama cin tuwo, rana ta faɗa bayan dutse amma sama ba ta gama rufewa ba, sai a tara karan dawa a tsakar gida a hura wuta, a tura gyaɗa cikin toka. Kaka, uwar babana, ta shimfiɗa tabarma a gindin rumbu, ta kwanta rub da ciki, ta kira ni.

"Laraba, zo ki buɗe wa 'yan'uwanki bakina."

Sai in dafa jikin rumbu da hannu ɗaya, in hau. Har yau ina jin bayan nan a ƙafata. Ɗumi gare shi, da santsin man kaɗe, ƙasusuwan a jere kamar duwatsun da ake takawa a tsallake rafi. In taka daga kafaɗa zuwa ƙugu, in juyo, in sake. Can sai a ji ƙas. Kaka ta sauke numfashi mai tsawo, ta karkata fuska wajen wuta, ta ce da yarenmu, "Ga wata tafe, ku ba ta hanya." Mu ce, "Ta shigo ta zauna." Muryarta kuwa ta ƙafata take fara shigowa kafin ta kai kunnena, domin ina tsaye a kan inda take fitowa.

Tatsuniyoyinta da yawa sun bi hayaƙi sun tafi. Ɗaya ce ta ƙi tafiya.

Wata mata ce, in ji Kaka, sunanta Tani. Gonarta a ƙolin dutse, ruwanta a gindin dutse, tsakaninsu kuwa bayanta. Ciwo ya zauna mata a ƙugu, ya ƙi tashi da rani, ya ƙi tashi da damina. Wata rana akuyarta ta shige wata tsaga a jikin dutse, Tani ta bi ta. Ta yi ta tafiya cikin duhu har ta ji ƙarar zugazugi. Sai ga maƙeri zaune, wutarsa shuɗiya, ba hayaƙi, ba zafi. A jikin bangon kogon an rataye bayan mutane iri-iri kamar yadda ake rataye fartanya. Wani na kara, wani na igiya, wani na ƙarfe yana sheƙi.

Maƙerin bai ɗago kai ba. Ya ce, "Wanne?"

Tani ta ce, "Wanda ba ya ciwo."

Ya kwantar da ita, ya zare bayanta a hankali kamar mai zare ƙaya daga jikin kifi, ya rataye shi a ƙusa, ya zura mata na ƙarfe. Ta fito. Iska ta buge ta, ba ciwo. Ta ɗauki tulu biyu ta hau dutse tana waƙa. Amma da ta isa gona ta zo sunkuyawa, bayan ya ƙi. Da ta koma gida ta goya ɗanta, ba ta ji ɗuminsa ba, shi kuma ya ji sanyin ƙarfe ya fasa kuka.

Daga nan ne tatsuniyar take rabuwa biyu. Ranar da ciwo ya matsa wa Kaka, ranar da ta kasa ko tankaɗe, sai ta ce Tani ta yi dariya, ta samo fatar tunkiya ta shimfiɗa tsakaninta da yaron, ta sa aka yi mata fartanya mai doguwar ƙota, ta yi barci har rana ta fito, abin da ba ta yi ba shekara goma, ta tsufa a miƙe. Ranar da jikin Kaka ya yi sauƙi kuwa, sai ta ce Tani ta koma da gudu neman bayanta na dā, ta tarar tsagar ta rufe. Ta tsaya a bakin dutsen tana kira, tana kira, har saiwa ta fito mata. "Ita ce giginyar can da kuke gani, ba ta sunkuya wa kowa."

Na taɓa tsayawa cak a tsakiyar bayanta na ce, "Kaka, shekaranjiya ba haka kika ce ba."

Ta ce, "Shekaranjiya ba wannan bayan gare ni ba. Taka, ke dai, mai bakin tsiya."

Yara suka yi dariya, gyaɗa ta ƙone, aka bar maganar.

Shekaru suka zo suka wuce ta kaina. Na yi aure, na haifi bakwai, biyar suka tsaya. Gonata ita ce wadda marigayi Yohanna, mijina, ya jera wa duwatsu hawa-hawa tun yana yi wa babana noman aure, daga baya babana ya bar mana ita. Kowane dutse a wurin hannunsa ya taɓa shi. Can nake zuwa in yi magana da shi bayan ya rasu, ina cire ciyawa ina ba shi labarin jikoki.

Ciwon bai zo mini da sallama ba. Na dai lura wata shekara cewa ina dafa gwiwa kafin in miƙe. Shekara ta gaba ya sauko ta ɗuwawu ya bi ƙafar hagu kamar an zuba ruwan zafi cikin jijiya. Babu abin da ban gwada ba. Ƙwayoyin kemis, ja da fari, na sha har cikina ya fara ƙuna, na daina. Wanzami ya kafa mini ƙaho shida, na ji sauƙi kwana uku. An kai ni wajen wani mai ɗori a Mahuta, mutumin kirki, ya lalube ni ya ce, "Baba, wannan ba karaya ba ce, ba aikina ba ne," ya ba ni man shafawa ya sallame ni. Masu mota da lasifika na ranar kasuwa sun sayar mini da wani ruwa mai ɗaci wanda suka ce yana maganin ciwo arba'in, nawa bai shiga cikin arba'in ɗin ba. Matan zumunta na cocinmu suka zo suka yi mini addu'a da waƙa, wannan kam ya sauƙaƙa mini zuciya. Har wata matar aure da aka haifa da ƙafa na sa aka nemo, ta taka ni. Na kwana biyu ban tashi ba.

A shekarar da wayar hannu ta fara yawa a Zuru, ɗana Bitrus, wanda yake soja, ya zo hutu ya same ni ina jan jiki zuwa murhu. Washegari ya sa ni a mota zuwa wani babban asibiti can inda yake aiki. Aka ɗauki hoton bayana. Likita ya ɗaga shi wajen haske, na ga duwatsun tsallake rafi, irin na Kaka, sai dai ɗaya ya goce daga layi. Ya ce shi ne ya danne jijiyar ƙafa. Da na ba shi labarin matar da ta taka ni, ya dafe kai ya ce kada a sake, ko da wasa. Hankalina ya tafi wajen wata yarinya da ke tsaye a kan tsohuwa tana jin kanta mai magani. Ban sani ba ko na taimaki Kaka ko na ƙara mata. Ba zan taɓa sani ba.

Likitan ya shimfiɗa mini hanyoyi. Ko gashi da motsa jiki da allura lokaci-lokaci, a yi ta lallaɓawa. Ko kuma aiki, a buɗe, a gyara ƙashin, a ɗaure shi da ƙarfe.

Da na ji kalmar ƙarfe, na jawo zanena na miƙe da ciwon da komai. Na ce wa Bitrus mu tafi.

A mota ya ce, "Mama, mene ne?"

Na ce, "Ba zan zama giginya ba."

Ya dube ni, ya dubi hanya. Shi ma ya san tatsuniyar, ni na ba shi ita yana ƙarami. Ya yi dariya har sai da ya rage gudu. "Haba Mama! Ni da nake kwana da ƙarfe a kafaɗa shekara goma sha biyu, kin ga saiwa ta fito mini?"

"Naka kana ajiye shi in ka dawo gida, ɗan nema."

"To ai ni wadda kika ba ni, Tani barci ta yi har safe."

Na ce ya tuƙa motarsa ya bar ni. Amma maganar ta shige ni. Ashe ni ma biyu nake bayarwa, ban sani ba.

Na koma gida na bi hanyar lallaɓawa damina guda. Wata ma'aikaciyar asibitin garinmu ta koya mini yadda zan kwanta in jawo gwiwa zuwa ƙirji, da yadda zan durƙusa in ɗauki abu maimakon in sunkuya. Ya taimaka, ba zan yi ƙarya ba. Wata rana in tashi kamar budurwa, in hau gona, in ce da Yohanna likita bai san aikinsa ba. Wata rana in kasa juyawa a kan tabarma, in ce a kira Bitrus a waya ya zo a yanka ni yanzu-yanzu. Kafin ya samu izini, sauƙi ya zo, in ce ya zauna abinsa. Sau uku na yi masa haka.

Wata safiya ina saukowa daga gona, surukata Rahila tana bayana, sai ta ce, "Mama, ina takalminki?" Na duba. Ƙafar hagu ba takalmi, ta kwashi ƙura, har ƙaya ta shige ta jini yana tsattsafowa. Takalmin yana can sama, nesa. Ban ji fitarsa ba, ban ji ƙayar ba.

Na zauna a kan ɗaya daga duwatsun Yohanna, na daɗe. Gajimare yana wucewa ƙasa-ƙasa, dawa tana kaɗawa, sai na ji kamar ina tsaye a kan bayan Kaka, muryarta tana hawowa ta ƙafar da ba ta ji. A nan na ga abin da ban gani ba shekara hamsin. A tatsuniyar nan, ko wane ƙarshe aka bi, Tani ba ta tambayi maƙerin nan komai ba. Ba ta ce me zan samu ba, ba ta ce me zan bari a ƙusa ba. Kuma Kaka ba ruɗewa take yi ba. Mai doguwar jinya mutum biyu ce a jiki ɗaya. Akwai ta ranar ciwo, wadda za ta ba da komai a raba ta da shi. Akwai ta ranar sauƙi, wadda ba ta yarda a taɓa ta. Kowace tana da gaskiyarta, kuma duk wadda ta yanke shawara ita kaɗai, ɗayar ce za ta yi kuka.

Na koma wajen likitan, wannan karon da bakina. Na ce ya gaya mini abin da zai tafi da abin da zai zauna. Ya jawo kujera kusa. Ya ce, "Mama, ƙafar nake so in ceta, kuma in aka daɗe ba lalle ta dawo ba. Ciwon bayan wataƙila ya ragu, ba zai tafi duka ba. Aiki ne babba, akwai haɗari, ba zan rantse miki ba. Noman sunkuyo kuwa, ki yi masa ban kwana ko an yi aikin ko ba a yi ba."

Na nemi mako biyu. Na tambayi kaina ranar ciwo, na tambayi kaina ranar sauƙi. Ta ranar sauƙi ta yi kukan gona, amma ita ma ba ta son a riƙa ɗaukarta zuwa bayan gida. Suka shirya. Na dangwala yatsa a takarda.

Aka yi aikin. Ƙafar ta dawo, ban da babban yatsa da har yau yake barci. Ciwon yana nan, ya dai rage murya, in hadari ya haɗu yakan tuna mini da kansa. Gonar tana hannun Rahila. Ina hawa da sanda sau ɗaya a wata, in zauna a kan dutse, in yi wa Yohanna magana ba tare da na cire ko ciyawa ɗaya ba. Wata rana ina gode wa Allah da aka yi. Wata rana ina kallon fartanyata a rataye, sai in kau da kai.

Kwanan baya maƙwabciyata Saratu ta shigo tana dafe da ƙugu, fuska a yamutse. An ce mata ita ma sai aiki.

"Yaya Laraba, ke da kika je kika dawo, gaya mini. In yarda?"

Na ce, "Ƙafarki tana jin ƙasa? Fitsari yana riƙuwa?"

Ta ce lafiya lau, bayan ne kawai, kamar ta mutu.

"Da ƙafa ce, da yau na sa ki a mota. Tunda baya ne, zauna ki sha kunu. Ki dawo ranar da kika tashi da sauƙi, mu sake magana, sannan in raka ki ki yi wa likita tambayoyi har ya gaji."

Ranar kasuwa sai ga ta da kwando a ka, tana tafiya kamar ba ita ba. Tun daga ƙofa take ɗaga murya.

"Yaya, na fasa! Na warke, babu mai yanka ni!"

Na matsa mata a kan tabarma. Na ce, "Sauke kwandon ki zauna, Saratu. Yau ma ke kaɗai kika zo, kin baro ta ranar ciwo a gida."