Rigar da Kawu Bai Gama Ba

Kawuna tela ne, kuma garinmu bai taɓa yin telan da ya kai shi saɓa alkawari ba. Ka kai masa ɗinkin yaro, sai yaron ya yi gemu. Shagonsa na bakin tasha: keken ɗinki ɗaya, benci mai ƙafa uku da bulo, sai tulin yadudduka masu jiran gobe.

A wancan zamanin garin na hannun Mai Zobe ne, uban 'yan fasa-ƙwauri. In ya gaji da mutum, sai ya yi masa kyautar riga ruwan ɗorawa. Wa ya isa ya ƙi sakawa? Maharan da yake ɗaukowa baƙi ne, ba su san fuskar kowa ba, rigar suke bi. Mutum biyu aka tsinta a bayan gareji sanye da ita. Telan da ya ɗinka musu ya tattara almakashinsa ya bar gari, sauran teloli duk suka kamu da ciwon ido.

Sai aiki ya faɗo wa Kawu. Wanda za a yi wa kyautar kuwa babana ne, mijin ƙanwarsa, direban da ya ƙi ɗaukar musu kaya.

Da babana ya ji labari, ya garzayo shago. Kawu ya ce, "Kwantar da hankalinka, direba. Wurina fa aka kawo."

Mai Zobe ya zo da kansa. "Tela, ina rigata?"

"Ranka ya daɗe, saura maɓalli."

Ya sake dawowa. "Tela!"

"Wuyan ne bai zauna ba. Kai da girmanka, a ce ka ba da riga mai karkataccen wuya? Garin nan da baki!"

Mai Zobe mutum ne mai son a yaba. Ya murza zobensa, ya ce a gyara.

Ana gyaran wuya damina ta wuce. Baƙin suka gaji da zaman jira, abokan gabar Mai Zobe suka ja su gefensu. Wata safiya shi aka tsinta a bayan garejin, cikin tsohuwar rigarsa.

Babana sai da ya ga jikoki. Tun daga lokacin Inna ta hana kowa zagin yayanta kan ɗinki.

Na taɓa tambayar Kawu ko da gangan ya yi. Ya harare ni ta saman tabarau.

"Gangan me? Maɓalli ne ban samu ba."

Ban ja maganar ba. Wandon aurena na wurinsa, ga 'yata ta fari tana jami'a.