Akwatin Baturen Ingila

Me ke cikin takardun nan? Shekara guda ke nan da rasuwar maigidana, har yau ban sani ba.

Shi ne kukun wani Baturen Ingila mai rubuta littattafan labari a nan garinmu Saga. Gab da samun 'yancin kai Baturen ya tafi, ya bar masa akwatin ƙarfe cike da rubutun hannunsa, bai sake dawowa ba. Kowace Juma'a maigida yakan shanya takardun a tabarma saboda gara, ya danne da duwatsu, warin taba da danshi na tashi. Shi ma ba ya karatu.

Jiya jandarmomin gwamnati suka tafi da telan unguwarmu kan wasiƙa ɗaya da Turancin Ingila, wai yana haɗa baki da 'yan ƙasar waje. Ni kuwa akwati guda gare ni. Wa zai karanta mini bai tona ni ba? Na hura wuta, na ɗebo takardun, sai kuka. Na kasa.

Allah ya jiƙan maigida, ni kuma ya rufa mini asiri. Ranar da zai cika na ce, "Malam, bari in ƙone su mu huta."

Ya riƙe bakin zanena. "Kul, tsohuwa. Baturen ya ce ni da ke muna ciki."