Saƙon Muryar da ya Fitar da Yaya Balaraba Titi

Shekara bakwai ke nan da muka kai yayata Balaraba makwancinta. Har yau in wayata ta yi ƙara na ga daga makarantar 'ya'yanta ne, sai na yi addu'a kafin in buɗe.

Tela ce a Unguwar Shanu, da 'ya'ya biyu, Nafisa da Sadik, a wata makarantar kuɗi da ke Mando. Muna yara, in makaranta na da magana da iyaye, hedimasta kan tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar ya faɗa, a tambaye shi ya amsa. Ko kuma a ba yaro saƙo ya zubar da rabinsa a hanya. Yaya ba ta ga dalilin ci gaba da haka ba. Ita ta tsaya kai da fata a taron iyaye da malamai sai da aka buɗe musu zauren WhatsApp. "Ba zan rufe shago in tafi Mando don kawai in ji ranar hutu ba," in ji ta. Zauren kuwa ya yi amfani, ba zan ci amanarsa ba.

Wata safiya da hantsi sai ga saƙon murya a zauren. Wata uwa ce tana haki, wai 'yan bindiga sun shiga makarantar, kowa ya je ya ɗauki ɗansa. A Kaduna, wa zai tsaya tambayar wa ya gani? Iyaye suka yi ta kiran lambar makaranta, ashe wayar na kulle a ofis, malamai duk suna aji. Yaya ta fito ko mayafi ba ta yafa daidai ba, ta tari ɗan acaɓa. Maƙwabciyarta ta ji tana ce masa, "Don Allah ɗan'uwa, ƙara wuta." Gab da shataletalen Mando wata mota ta kwashe su. Direban shi ma uba ne, saƙon nan ne ya fito da shi. Ɗan acaɓan ya karye a ƙafa. Ita ko asibiti ba ta kai ba.

Babu 'yan bindiga. Tayar tirela ce ta fashe a bayan katangar makarantar. Yaran na aji suna rubutu, uwarsu na kwance a bakin kwalta.

Matar da ta tura saƙon ta zo gaisuwa, ta durƙusa tana kuka. Na so in tsane ta, na kasa. Ba ƙarya ta shirya ba, tsoro ne ya yi magana da bakinta. Amma magana zarar bunu ce.

Makarantar ta ɗauki mataki, irin na ihu bayan hari. Aka kulle zauren, malamai kaɗai ke iya rubutu. Ni nake riƙon yaran yanzu, ina cikin zauren. Kullum sanarwa na sauka, sakamakon jarrabawa, hotunan ranar wasanni, amma uba ba shi da bakin tambaya. Taron iyaye ma ya zama sai an ga dama. Su kuwa iyaye sun buɗe nasu zaurukan a gefe, inda babu malami ko ɗaya da zai ce ƙarya ne. Ga shi yanzu ana iya ƙirƙirar muryar mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba.

Da Yaya na raye ba za ta ce a koma ƙofar masallaci ba, na san halinta. Za ta je ofis ne ta zauna, ta ƙi tashi, sai an nuna mata wanda zai amsa wa uwa a ranar tashin hankali. Mu da muka rage ba mu da wannan nacin.

Kwanan baya Nafisa, wadda ta zama budurwa, ta tambaye ni, "Kawu, da a ce labarin nan gaskiya ne, kuma Umma ta isa, me za ta yi wa masu bindiga da hannu biyu?"

Na ce ban sani ba, kuma ita ma ba ta tsaya ta yi wannan tunanin ba. An ce 'ya'yanta na can, ta tafi. Abin da ya rage mana nata ke nan, kuma yana da nauyin ɗauka. Allah Ya jiƙan Yaya Balaraba, Ya sa Aljanna ce makomarta.